Ranar da Maharazu Ya Shigo da Dutsen Niƙa Situdiyo

A ƙasar Daura muna da masu fasahar da ba su taɓa shiga situdiyo ba: makiyaya masu busa sarewa, tsofaffin mata masu waƙar niƙa, matasa masu gwada kiɗan fiyano a waya. Basira kam suna da ita. Abin da suka rasa shi ne mai naɗar muryarsu ya fitar, domin manyan situdiyo waƙar biki da ta siyasa suke nema.

Malam Maharazu ne ya tsaya musu. Kullum da hantsi yakan buɗe ɗan shagonsa na naɗar waƙa, ya share, ya goge na'urori. Ranar kasuwar Zango ko Mashi kuwa sai ya hau babur, ya bi duk inda aka ce akwai mai wani kiɗa. Yakan haɗa gurmi da fiyano, ko shantu da gangar kwamfuta, ya zuba a mimori da sunan mai waƙar.

Akwai abin da na gani da idona. Ɗalibata Khairunnisa tana da kaka, Iya Barakatu, wadda ita kaɗai ta rage a ƙauyensu da ta san waƙoƙin niƙa. Tun zuwan injin niƙa babu wadda ta koya, ga numfashin tsohuwa ya fara gajarta. Muka kai ta shagon. Aka sa mata makirufo, ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa, baitin ya ɓace.

Maharazu ya ce, "Iya, ko kunya ce?"

Ta ce, "Kunyar wa, ɗan nan? Na yi goyon sa'an ubanka. Waƙar ce ta ƙi zuwa. Dubi hannuwana, a banza suke."

Khairunnisa ta ce, "Tsohuwa, a gida kin hana mu sakat, yau kin zama bebiya?"

Iya ta ce, "Ja'ira, bari mu koma gida!"

Maharazu bai matsa mata ba. Ya fita ya bi maƙwabta har ya samo dutsen niƙa a wani gida, an mayar da shi wurin zama. Aka wanke, aka kawo gero. Mansur, abokin aikinsa, ya ce, "Yaya, ƙarar dutsen za ta ɓata sautin."

Maharazu ya ce, "Sa masa makirufo nasa shi ma."

Iya ta durƙusa ta tura dutse, sai ga waƙa tana bin wata. Gugar dutsen ce ta zama kiɗan, Maharazu ya ɗora mata sarewar wani makiyayi, Kalilu. Yau har 'yan acaɓa suna sa ta.

Malam Maharazu, kai ne ka ba ƙaramin mawaƙi haƙurin da ake ba babba. Yanzu da jinka ya yi rauni kana miƙa wa Mansur shagon, mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna ya saurare su, ko da waya ce ya naɗa.

Da na tambayi Khairunnisa a aji me ta koya, cewa ta yi, "Malam, ni na ɗauka surutun tsufa take yi. Ashe ita ma wurin kakarta ta koya, kuma yanzu ni ce zan karɓa."