Buhun Dawa Biyu Da Na Sa Wa Hannu

Ina tankaɗen gari na ji dirim, sai kuma wani dirim a ƙofar gida. A lokacin ni matar aure ce a Gadarif, 'ya'yana uku, ban san komai na duniya ba sai salla da girki, ko da yake na gama sakandare. Maigidana ɗan kwangilar yankan riɗi ne, yakan tara lebura ya karɓi gona sukutum. A shekarar ya yi magana da wani mai mashru'i, wato babbar gona, a wajen Mafaza. Ba su rubuta komai ba, Fatiha suka shafa. Yanka ya kai rabi mutumin ya kawo inji, ya ce su tattara su tafi.

Dirim ɗin nan buhun dawa ne guda biyu, wakilin mai gonar ya kawo, maigida kuwa ba ya nan. Wakilin ya ce saƙon alheri ne, in sa hannu a takarda a shaida ya iso. Kunya ta hana ni tsayawa gaban baƙon namiji ina karatu. Daga bayan labule na miƙa hannu na sa, har da yi masa addu'a. Da maigida ya dawo na ce kyauta ce, maganar takarda kuwa na haɗiye, don zuciyata ta fara raya mini na yi ganganci. Muka yi ta ci.

Bayan mako uku ya fara neman haƙƙinsa. A ofishin ƙwadago aka ce shi ba ma'aikacin mutumin ba ne, ɗan kwangila ne, sai dai mahkama, wato kotu, ko sulhun dattawa. Ya zaɓi dattawa. A gabansu wakilin ya zaro takardar, ashe an rubuta cewa buhunan nan su ne cikon haƙƙinsa. Dattawa suka ce wanda ya ci hatsin sulhu ba ya dawo da magana. Lauya ya ce masa sa hannuna kaɗai ba ya ɗaure shi, amma ina takardar yarjejeniya, ina shaidu? Leburan da aka shafa Fatiha a gabansu sun tsallaka iyaka ta Gallabat sun koma ƙasarsu tuni, kuma shirunmu na mako uku ya ba mai gonar ƙarfi.

Maigida ya sayar da saniyarmu ɗaya tilo ya sallami sauran leburan. Bai zage ni ba, ya dai tambaye ni a hankali me ya hana ni faɗa masa. Wallahi da duka ya yi da ya fi mini sauƙi. Yanzu shi ma lebura ne a gonar wani.

'Yan'uwana mata, kunya ba ta hana karatu. Ko Alƙur'ani ya ce a rubuta, a kafa shaidu. In an katse wa mijinki aiki, kada ki karɓi komai, kada ki sa hannu, kada ki ɓoye masa.

Ragowar dawar na kasa tuƙa ta, tana nan a lungu har ta fara ƙwari. Rannan ƙaramar 'yata ta gan ni tsaye a kanta, ta ja zanena ta ce, "Umma, in mun mayar musu da buhunsu, za su ba Baba aikinsa?"