Rabon Gawo

Gidanmu na gefen Matameye, ta hanyar Kurni, kuma duk unguwar mu kaɗai ne Kirista. Lokacin ɗari, da an ci tuwo an ture kwanoni, Kaka Tabita, mahaifiyar babanmu, takan kwaso ragowar wutar murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta ƙara karan gero, ta binne dankali a toka. Mu biyar ne jikokinta, amma da wuya mu zauna mu kaɗai, don yaran gidan Hajiya Indo maƙwabciyarmu suna jiyo ƙamshin ta kan katanga. Kaka ba ta iya karatu ba. Abin da ta ji ana karantawa a majami'a, shi ta ajiye a kanta. Tatsuniyoyinta kuwa har yau ban san inda ta samo su ba.

Ina da shekara tara, wata rana na dawo daga lakwal, wato makaranta, idona ya kumbura don kuka. Wata yarinya ce ta ce mini komai namu a juye yake, muna biki ranar da ba kowa ke yi ba. Da yamma a bakin wuta na tambaya.

"Kaka, don me Allah ya ajiye mu nan mu kaɗai?"

Ta juya dankali da tsinke, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta shigo mu ji ta."

Ta ce ranar da Ubangiji zai raba wa itatuwa lokacin ganye, kowa ya yi sammako. Kuka ta zo, tsamiya ta zo, kalgo da aduwa ma. Gawo ya kamo hanya, sai ya iske wata akuya kwance a rana, ƙafarta a karye. Ya tsaya ya yi mata inuwa har ta samu ƙarfin tashi. Ko da ya iso an rabe damina kaf, ba a rage masa ko kwana ɗaya ba.

A nan Kaka ta sassauta murya, har sai da muka matso. "Gawo ya ce, 'Ubangiji, ka manta da ni.' Ubangiji ya ce, 'Wa kake tsammani ya kwantar da akuyar a hanyarka? Naka na ajiye shi daban. Kai ne na rani.'"

Damina ta sauka, kowane itace ya yi shar, gawo na tsaye tsirara ana yi masa dariya. Amma geron da ke gindinsa ya sha rana ya fi na ko'ina. Da rani ya zo, ganye ya zube ko'ina, sai gawo ya yi kore shi kaɗai, dabbobi da matafiya suka taru a ƙarƙashinsa.

"Ta ƙare, ku ɗauki dankalinku," in ji Kaka. Kullum ina ganin gawo a gonarmu, ban taɓa tunanin wani ne ya tsara masa hakan da gangan ba.

Na girma ina zaton aikin Allah a bakin mai wa'azi yake, ko mai waƙa a gaban jama'a. Muryata ba ta da daɗi, ga kunya. Na faɗi jarrabawar birbe sau biyu. Yayyena suka tafi Damagaram da Yamai, ni na zauna ina jinyar Kaka har ta rasu. Kowace safiya addu'ata ɗaya ce: Yesu, ka nuna mini abin da ka yi ni dominsa. Shiru.

Ina da shekara ashirin da biyu, cikin bazara, mazan unguwa duk sun tafi cin rani Kano da Ikko. Da tsakar rana Hajiya Indo ta faɗo gidanmu ba ko takalmi.

"Hannatu, taho! Mariyama ce, naƙuda tun asuba, abin ya ƙi."

Mariyama matar ɗanta ce, cikin fari. Ungozomar unguwa ta yi tafiya. Na ɗaura wa bijiminmu amalanke da kaina, muka kwantar da ita, muka nufi likita, wato asibiti. Ba mu kai rabin hanya ba jaririn ya fito a hannuna. Namiji, jikinsa saɓal, ba kuka, ba motsi. Hajiya ta fara salati tana kuka. Ni ban san komai ba. Na share masa baki da hanci da gefen zanena, na kifa shi a tafina ina murza bayansa, ina cewa, "Ya Ubangiji, numfashi naka ne, ka ba shi." Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ƙirjinsa ya motsa a tafina, ya yi tari, ya tsala ihu.

Na durƙusa cikin rairayi. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a majami'a. Na tabbata ba mu kaɗai ba ne a kan hanyar nan.

A likita, madam mai karɓar haihuwa ta tambaye ni inda na koya. Na ce ban koya ba. Ta ce, "To, ki je ki koya." Na sake zama birbe karo na uku na ci, na tafi Damagaram, na dawo da takardar aikin ungozoma.

Sai daga baya na gane abin da Kaka ke nufi. Shekarun da na ɗauka an bar ni a baya, su ne suka sa ina gida ranar da babu kowa. Ban zama mai wa'azi ba, amma ban taɓa karɓar jariri ban yi masa addu'a a zuciyata ba.

Bara wani saurayi ya shigo ɗakin haihuwa a ruɗe, yana riƙe da matarsa. Sani ne, ɗan Mariyama. Wata abokiyar aikina ta miƙo hannu za ta karɓe ta, sai ya girgiza kai.

"A'a, ku kira mini Inna Hannatu," in ji shi. "A hannunta na fara numfashi."