Ranar da Baba ya ɗora mini karatun kwamfuta

A zaurenmu na Ƙofar Ɗan Agundi, ɗalibi ba ya zaɓar littafi. In ka sauke wannan, Baba ne zai ce ga na gaba. Shi ya sa ranar da na gaya masa na gama darasin XML a makarantar kwamfuta, tambaya ɗaya ya yi mini: "Me malaminka ya ɗora maka?"

Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, kowa na cewa aikin kwamfuta zai buɗe. Ni kuwa malamin nawa cewa ya yi, "Zaɓi abin da ya yi maka." Da wautata, haka na maimaita wa Baba.

Ya cire tabarau. "Karatun da ba a san na gabansa ba, ba karatu ba ne. Gobe mu je. In bai faɗa ba, Asabar ka koma rumfar kawunka a kasuwar Kurmi."

Wallahi na tsani warin fatar rumfar nan.

Washegari Baba ya shiga makarantar da rawaninsa. Malamin, saurayi ne da bai girme ni da yawa ba, da Baba ya tambaye shi na gaba, sai ya miƙe ya hau lissafi: akwai kaza, akwai kaza, ya danganta da inda mutum ya dosa. A raina na ce: Kai, bawan Allah, ambaci ɗaya mana!

Baba ya ɗaga hannu. "Malam, karatun nan da ya gama, mene ne amfaninsa?"

"Tsara bayanai, Alhaji. Kowane abu da alamarsa."

"Nuna mini."

Na buɗe aikina. Baba ya ƙura wa tarkacen alamomin ido.

"Mutum na karanta wannan?"

"A'a, sai na'ura."

"To akwai wanda ke mayar da shi yadda mutum zai karanta?"

"Akwai. XSLT ake ce masa."

"Ashe ka san na gaba. Shi za ka ɗora masa."

Muka kamo hanyar gida. A bakin zaure ya juyo. "Kullum bayan asuba ka zo ka biya mini."

Wata huɗu ina durƙusawa cikin ɗalibansa ina biya abin da bai san ko harafi ɗaya a ciki ba. Amma duk inda muryata ta yi rauni, sai ya ce, "Nan ba ka gane ba. Koma." Kuma bai taɓa kuskurewa ba.