Butar da Suka Ɗauke wa Baba

Ko zan manta komai na zamana a New York, ba zan manta da makon da aka so huda cikin Baba ba. Abin da za a rasa a fili yake: cikinsa da za a huda a zura robar abinci, ƙafafunsa da yake fatan sake takawa da su, sai mutuncinsa, wanda babu wanda ya sa a lissafi.

Ba mahaifina ba ne. Tsohon direban tasi ne da ya ba ni katifa a falonsa na Morris Heights lokacin da na zo ba ni da kowa, tun ina kasa agogo da huluna a Fordham Road, kafin Allah ya buɗa mini na fara tura motoci gida. Shi Babarbare ne, ni Bafulatani, don haka ba ma gaisawa sai da tsokana.

Ya faɗi ya karye a ƙugu, aka yi masa aiki, aka kai shi gidan kula da tsofaffi don ya sake koyon tafiya. Ina Kwatano a lokacin, wajen karɓar motoci. Da na dawo na tarar ya rame, leɓensa duk ya tsattsage. Shugabar masu jinya ta ce ya ƙi ci ya ƙi sha, sun gwada kaza, sun gwada kifi, har naman halal sun kawo. Likita ya ce ruɗewar tsufa ce, ɗansa da ke wata jiha kuma ya amince ta waya a sa robar.

Na ce, "Kun tambaye shi dalili?"

Ta ce, "Kullum muna tambayarsa ko yana jin yunwa. Kai yake girgizawa."

Ni ɗan kasuwa ne. In mutum ya zagaya mota yana shafa ta, sannan ya ce ba ya so, na san yana so, akwai dai abin da ya kasa faɗa. Tsohon nan kuwa na ga idonsa na bin farantin abinci har aka fita da shi. Na rufe ƙofa na jawo kujera.

"Baba, Babarbare da ƙin abinci? Ko ka gaji da yi wa Fulani bauta ne kake neman gudu lahira?"

"Ɗan Fulani, kai da ka sauka a garin nan da wando ɗaya."

"To ubangidanka ke tambaya. Me ya hana ka ci?"

Ya ce, "Wanda ya ci ai sai ya zaga."

"Ga bayi nan a ɗakinka."

"Ga bayi. Ina buta?"

Ashe da butarsa ya zo. Wata ma'aikaciya ta ga ruwa a ƙasan bayin, ta ce zai zame ya sake karyewa, ta ɗauke butar ta nuna masa takardar gogewa. Da ya fara jinkirin shiga, suka ɗaura masa famfas kamar jariri. Mutumin da tun ƙuruciyarsa bai taɓa tsayuwa sallah ba tsarki ba. Ba zai iya buɗe baki ya yi wa 'yan mata sa'annin jikokinsa bayanin tsarki ba, ɗansa kuwa da Turanci yake amsa masa magana. Sai ya yanke wa kansa hukunci: in bai ci ba, ba zai zaga ba.

Na koma wajen shugabar na zayyana mata komai. Ta ce, "Ai da ya faɗa mana."

Na ce, "Kun auna jininsa, kun auna nauyinsa, kun samo wanda zai huda shi. Amma wadda ta ɗauke masa kayansa ba ta tsaya ta tambayi na mene ne ba. Ko a teburin da nake kasa kaya, ba na taɓa jakar mutum sai da izininsa."

Ta ce doka ba ta yarda da ruwa a ƙasa ba, sai an yi zama a kai. Na ce su yi zamansu, amma a shimfiɗa tabarmar roba a bayin, a sa namiji ya riƙa raka shi bakin ƙofa, kuma babu mai kusantar cikinsa da wuƙa kafin ɗansa ya ji abin da na ji. A gabanta na kira ɗan. Ya janye amincewarsa.

Washegari da hantsi na kawo sabuwar buta da burabisko da miyar kuka da matata ta yi. Ya ci kaɗan-kaɗan yana mita, wai matar Bafulatani ba ta san gishiri ba.

Ba a sa robar ba, wannan mun tsira da shi. Amma yunwar makonnin nan ta cinye naman ƙafafunsa, daidai lokacin da ya kamata ya koyi tafiya. Bai sake takawa ba. A keken guragu ya ƙarasa rayuwarsa, a gida mai tsabta, cike da na'urori da masu ilimi.

Abin da na koya shi ne, duk wanda aka damƙa wa tsoho, in ya ga ya ƙi abu, ya jawo kujera ya nemi dalili kafin ya nemi magani. Mu mun nema a makare. Mun ceci cikin, mun yi asarar ƙafafun.