Karen Farauta a Hawa na Biyar

Maigidana likita ne, kuma tun da nake da shi, in ban da yankan kaji, ban taɓa ganin ya kashe ko ƙadangare ba. Idan kyankyaso ya fito a kicin, ni ake kira. Amma ranar da ya shigo gidanmu na unguwar Mount Hope da kwali a hammata, wani abu yana motsi a ciki, sai ya tsaya a tsakiyar falo ya sanar da ni cewa shi jikan mafarauta ne.

A farkon shekarun saba'in ne, muna New York yana ƙaro ilimi a wani asibiti a Bronx. Muna zaune a hawa na biyar, ɗaki biyu da falo, mu da yaranmu biyu, lif ɗin ginin kuma yana aiki ne ranar da ya ga dama. Ya buɗe kwalin, ɗan kwikwiyo ya leƙo, fari mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, kunnuwa sun yi masa yawa.

Na ce, "Baban yara, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kare ne."

"Na ga ba rago ba ne. Me yake yi a falona?"

Sai ya gyara tsayuwa ya yi mini bayani. Wai abokin aikinsa ne, wani Bature likitan ƙashi, karyarsa ta haihu, ya zaɓo masa ɗaya don girmamawa, shi kuma kunya ta hana shi ƙi. Kuma wai wannan ba irin karnukan da ke yawo a bakin kwata ba ne, karen farautar tsuntsaye ne, mai asali, har kakanninsa an san su. Na ce ni ma an san kakannina, kuma babu wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da kare a cikinsu.

Yara kuwa tuni sun zube a ƙasa suna ihu da Turanci. Na ce su tashi su wanke hannu, suka amsa mini da Turanci, suka ci gaba da abinsu.

Na kai ƙara wurin malaminmu. Wani dattijo ne Bahaushen Gana da yake jan mu salla a falon wani gida a unguwar University Heights, mutum mai sanyin magana, wanda har muka rabu "kai" yake ce mini, don a Hausarsu mace da namiji duk ɗaya ne. Na tabbata zai ce a fitar da karen. Ya saurare mu duka, ya shafa gemu, ya ce ajiye kare haka kawai yana rage wa mutum lada kullum, amma na farauta an yarda da shi. Maigidana ya fara murmushi. Malam ya ɗaga yatsa ya ce, "To, amma sai in yana farautar. Likita, ya taɓa kama wani abu?"

Maigidana ya ce tukuna, yaro ne.

Na ce, "Malam, kafin ya girma, ladan wa ke raguwa, nawa ko nasa?"

Malam ya ce na mai karen. Na ce to, karen ya zauna.

Ba mu sa masa suna ba. Maigidana ya kawo sunayen Turawa, na ce kunyar maƙwabta nake ji, kada a kira kare wani ya waiwayo. Yara suka kawo nasu, babu wanda ya zauna. Ni dai "kai" nake ce masa, a ƙarshe kowa ya bi ni.

Daga nan maigidana ya shiga aikin ceton ladansa. Baturen ya ba shi busasshen fiffiken tsuntsu da sandar kamun kifi. Duk ranar da ba ya asibiti sai ya tafi filin shaƙatawa na unguwa, ya ɗaura fiffiken a zare yana ja a kan ciyawa, babban mutum da tabarau da kwat. Na bi su sau ɗaya don in ga abin da idona. Kwikwiyon ya bi fiffiken, ya bi, ya gaji, sai kawai ya ƙame. Ya miƙe wuya, ya miƙe wutsiya kamar an sa mata kara, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya.

Na ce, "Ya taka kwalba."

Maigidana ya duba ƙafar, lafiya lau. Ya koma gida ransa a ɓace, yana cewa an ba shi matsoraci, a garinsu kare in ya ga nama binsa yake yi. Washegari ya dawo daga asibiti yana ta fara'a. Baturen ya gaya masa wannan tsayuwar ita ce aikin gaba ɗaya. Karen zai shaƙi warin tsuntsu a cikin ciyawa, ya ƙame yana nuna wurin da hanci, kada ya motsa har maharbi ya iso ya tayar da tsuntsun ya harbe. Na ce ashe dai akwai sana'ar da tsayuwa kawai ake yi a ci abinci, da na sani da tuni na nema.

Matsalar ita ce karen yana tsayawa, amma ba ya daɗewa. Kafin ka ƙifta ido ya yi tsalle ya faɗa kan abin. Maigidana yana da kalmar Turanci da aka koya masa ta hana kare motsi, yana faɗinta a hankali, da ladabi, kamar yana gaya wa majinyaci ya buɗe baki. Karen sai ya dube shi ya kaɗa wutsiya ya ci gaba. Ya nuna tattabarun titin Grand Concourse ɗaya bayan ɗaya, ya kore su. Wata Lahadi ya ƙame a gaban wata tsohuwa da ta fito daga coci da hula mai gashin tsuntsu, sannan ya yi tsalle. Maigidana ya daɗe yana ba da haƙuri, tsohuwar tana nuna shi da lema.

Shi dai yana asibiti dare da rana, yara suna makaranta, ni da karen aka bari a gida. Ni kuwa ban ga dalilin ɓata Turancina a kan dabba ba. Dokokina biyu ne, ba ya shiga kicin, ba ya kusantar dardumar salla. Duk lokacin da ya ɗago ƙafa zai ƙetare bakin ƙofa sai in daka masa tsawa, "Tsaya!" da muciya a hannu. Ban taɓa dukansa ba, ganin muciyar ya isa. In na gama abin da nake yi sai in ce, "Je ka," in jefa masa ƙashi. Ba horo nake ba shi ba, tukwanena nake karewa.

Wata rana na sayo kaza mai rai a kasuwar kaji, don ban yarda da yankan kanti ba. Na ɗaure ta a banɗaki tana jiran maigidana. Karen ya je ƙofar ya ƙame, ƙafa a sama. Na wuce da kwano, na ce, "Tsaya," na shiga kicin. Albasa ta kama, na yi ta fama, na manta da shi sarai. Maigidana ya shigo ya tarar da shi a nan, jikinsa yana rawa, yawu yana zuba, amma bai gusa ba. Ya kira shi, ya roƙe shi, ya faɗi duk Turancin da ya iya. Na leƙo na ce, "Je ka." Karen ya sauke ƙafa ya zube a ƙasa kamar buhu.

Maigidana ya dube ni ya ce, "Maman yara, me kika yi masa?"

Na ce, "Magana."

Da kaka ta zo, ganyen itatuwa ya yi ja, Baturen ya ɗauki maigidana da karen zuwa wata gona can bayan gari. Tsuntsun da suke nema ya fi fakara girma, da doguwar wutsiya da ado a wuya kamar ya yi shirin biki. Maigidana ya dawo da taɓo har gwiwa, babu tsuntsu ko ɗaya. Karen ya kori duk abin da ke da fiffike a gonar kafin su iso. Ya gwada "tsaya" ɗin nawa, karen ya waiwaya yana neman mai muryar, da bai gan ni ba ya ci gaba da gudu.

Sati na zagayowa maigidana ya fara kewaye-kewaye. Ya yabi miyata, ya ce iskar bayan gari tana da amfani ga lafiya. Na bar shi ya sha wahala kaɗan sannan na yarda in bi su farautar. Na ɗaura zanena a kan wandonsa na sanyi, na sa babbar kwat da takalmansa na roba, na naɗe wuƙar kicin a tsumma na sa a jaka. Baturen da ya gan ni ya cire hula ya gaishe ni, bai tambayi komai ba.

Ba mu yi nisa ba karen ya ƙame a bakin wata busasshiyar ciyawa. Na ga cinyarsa ta fara rawa, na san tsalle zai yi. Na buɗe murya irin ta kicin na ce, "Tsaya!" Karen ya tsaya. Maigidana ya tsaya. Baturen ma, da ba ya jin Hausa, ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Sai da na ce musu ba da su nake ba.

Maigidana ya matsa gaba da bindigar aro, yana taka ciyawa a hankali. Tsuntsun ya tashi da wata irin ƙara daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ja da baya, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya rufe ido, ya harbi sama. Baturen ya jira shi ya gama, sannan ya ɗaga tasa, tsuntsun ya faɗo can gaba. Na ce, "Je ka," karen ya ruga, ni ma na tattare zani na bi shi a guje da wuƙa, don ban yi wannan tafiya don in ci mushe ba. Karen ya ɗauko tsuntsun a baki, ya wuce maigidana da ya miƙa hannu, ya ajiye a gabana. Da sauran ransa. Na miƙa wa likita wuƙar, wannan kam ya iya, ya yanka shi tsaf.

Na yi farfesu na aika wa malam da cinya. Ya aiko da godiya, ya ce yanzu kare ya zama na farauta, mai karen kuma a ci gaba da yi masa addu'a.

Da lokacin komawarmu gida ya yi, muka mayar wa Baturen da karen. Maigidana ya shige mota ya ƙi fitowa, wai mura yake yi. Ni aka bari a ƙofar gidan ina koya wa babban likitan ƙashi Hausa. Na ce, "Tsaya." Ya ce, "Saya." Na ce ba ciniki muke yi ba, ya matse harshe. Ya sake cewa, "Saya." Karen yana zaune a tsakaninmu yana kallon kowa. Muka yi ta yi har matarsa ta kawo mana shayi. Da na ga harshen ba zai lanƙwasu ba, sai na koma mota na buɗe akwatin kayan kicin, na zaro muciyata na ba shi. Na nuna masa yadda ake riƙe ta, na shiga mota, muka kama hanyar filin jirgi.