Filastar Bayan Kunnen Tela

Shekara ashirin da shida Tela ya yi yana taka keke a shago ɗaya, har ranar da aka zo faɗaɗa titi aka kwashe shagon. Wata bakwai yana zaune. Baki shida ke ci a gidansa, ciki kuwa ba ruwansa da an rushe shago.

Ƙanin matarsa ne ya samo masa aikin ɗinkin raga a jirgin kamun kifi a teku. Mutumin da ko a mota sai ya zauna bakin taga da leda a hannu! Fitar farko, kwana huɗu ya yi rungume da bokiti, ko ido ɗaya na raga bai ɗinke ba. Ma'aikata suka laƙaba masa Mai Bokiti. Da suka dawo kyaftin ya ce, "Dattijo, ni ba asibiti nake tuƙawa ba. Fita ɗaya ta rage maka."

Mai kemis ya miƙo masa wata 'yar filasta ta hana jiri da amai, wadda ba ta wuce farcen babban yatsa ba. "Bayan kunne za ka manna, awa huɗu kafin ka hau. Kwana uku take aiki. Amma baba, tana busar da baki, wasu kuma takan hana su ganin abin da ke kusa."

"Ko makantar da ni za ta yi, ba ni."

Baki shi ke yanka wuya.

Filasta ta yi aikinta. Jirgi ya yi ta tangaɗi, Tela na tsaye ƙyam, har ƙarin abinci ya nema. Rana ta biyu da hantsi raga ta yage, yagewar da mutum zai iya wucewa ta ciki. Ya zauna, ya ɗauki basilla, sai zaren ya koma masa hazo. Yana hango tsuntsaye can nesa tar, amma yatsunsa dishi-dishi. Ga kyaftin tsaye a kansa.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar rusau. In ya cire filasta, bokiti na jiransa. In ya bar ta, babu ido. Sai ya runtse idon gaba ɗaya, ya bar wa hannu aikin. Ya lalubi ƙulli, ya ɗaure, ya lalubi na gaba. Zaren ya yayyanka shi, ruwan gishiri ya shiga ciwon, bai tsaya ba sai la'asar. Kyaftin ya ja ragar da ƙarfi, ya sake ja, ya ce, "Ashe dai tela ne kai. Ka zauna, aiki naka ne."

Abin da ya biyo baya, ba wanda ya sani a jirgin. Ya koma gida ya ɓare filasta, washegari ɗakinsa ya fara tangaɗi. Ga shi a kan tabarmarsa, a tudu, yana sheƙa amai, uwar yaransa na riƙe da kwano.

"Baban yara, don Allah ka bar aikin nan. Kashe ka zai yi."

Ya saurari tukunyar da ke tafasa a tsakar gida, da yaran da ke gardamar wa zai ci kan kifi.

"Gobe da asuba za mu fita," ya ce. "Duba aljihun rigata, akwai sabuwa. Ki yage takardar ki manna mini, ni har yanzu ba na ganin bakinta."

Ta share masa bayan kunne da gefen zanenta, ta manna, ta daɗe ba ta ɗauke yatsanta ba.