Lambar Agana da Kujerar Gaban Mota

Shekarun baya can, zamanin da ɗakunan shan magani na karkara suke hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ni malamin asibiti ne a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a ƙasar Kurfi. Abokina kuwa irin wannan aikin yake yi a wajen Dutsin-Ma. Tare muka yi kwas, kuma duk jarrabawar da aka yi ni ke gabansa. Ban taɓa bari ya manta da haka ba. In mun haɗu ranar kasuwa, kowa da kekensa, sai na san yadda na yi na sako zancen cikin hira, shi kuwa ya yi dariya ya ce Allah ya ƙara basira.

Bayan soja sun karɓi mulki, sai labari ya zo cewa gwamnatin tarayya daga Ikko za ta turo ma'aikatanta su yi wa jama'a lambar agana, da motocinsu da wata na'ura da ake takawa da ƙafa ta harba magani a damtse ba tare da allura ba. Har aka ce daga wannan sai a ƙwace ɗakunan maganin daga hannun En'e gaba ɗaya. Nan fa gari ya rabu biyu. An hana jam'iyyu, amma ba a hana baki ba. Tsofaffin 'yan siyasa na ɓangare guda suna cewa yau lamba ce, gobe Ikko ce za ta naɗa mana mai unguwa. Na ɗaya ɓangaren suna cewa shekara nawa En'e na riƙe da asibiti, in ban da kwinin da gishirin Ingila me aka taɓa gani a ciki?

Gaskiyar magana, da farko ina cikin masu murna. Da aka ce suna neman ɗan ƙasa ɗaya da ya san ƙauyukanmu ya shiga cikinsu, da hannuna na rubuta takardar neman aikin, na sake ta sau uku don rubutun ya yi kyau. Har na fara tunanin wanda zan bar wa kekena. Da sakamako ya fito, abokina aka ɗauka.

Ranar da na fara ganinsa a motar ba zan manta ba. Ina durƙushe bakin hanya ina mayar da sarƙar keke, hannuna duk baƙin mai, sai ga farar mota ta tsaya. Yana zaune a gaba kusa da direba, da farar riga, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Ya sauko da fara'arsa, ya kama hannuna da man da komai, ya ba ni goro. Na ce masa Allah ya sanya alheri. Bakina ne ya faɗa, amma goron nan ko gutsira ban iya yi ba.

Tun daga ranar na zama babban mai kare haƙƙin En'e. Kullum bayan la'asar ina rumfar wani Alhaji mai sayar da hatsi, inda ake zaman muhawara, ina bayani a kan hurumi da tsarin mulki, abubuwan da watanni biyu kafin nan ko a jikina. Magoya bayan En'e suka riƙe ni hannu bibbiyu, don sun sami ɗan gida mai goya musu baya. Har shimfiɗa ake gyara mini.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Wata rana ina ta zuba a tsakar gida, tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Wanga wa'azi naka, kafin a ɗauki abokinka ban taɓa jin shi ba." Na ce mata abin siyasa ne, ba za ta gane ba. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Ana nan sai abokina ya aiko mini da wasiƙa. Za su zo ƙauyukan wajen Rawayau rana kaza, yana roƙona in sanar da mutane, tunda sun san ni kuma suna jin maganata. Ban ƙi a fili ba. Na aika masa cewa ni ma'aikacin En'e ne, ban ga takarda daga sama ba. Da manoma suka riƙa zuwa suna tambayata ko su kai 'ya'yansu, ban taɓa cewa kada su kai ba. Abin da nake cewa shi ne, ni dai ban san abin da ke cikin bindigar nan ba. Na san hakan ya isa, kuma ya isa ɗin.

Ranar da suka zo, an ce mini sun wuni a gindin tsamiya, waɗanda suka fito ba su taka kara sun karya ba, kuma shugabansu ya yi wa abokina faɗa a gaban direba. Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: na ji daɗi. Tuwon ranar har ƙari na nema.

Ba a yi wata biyu ba, wani manomi daga ɗaya daga cikin ƙauyukan ya iso ɗakin maganin da hantsi, da ɗiyarsa a kan jaki an lulluɓe ta da zane. Ina ɗaga zanen na gane abin da nake gani. Ƙuraje sun rufe mata fuska har cikin ido. Na kuma gane uban, yana cikin waɗanda suka tambaye ni. Na jira ya zage ni, amma sai ya durƙusa ya ce, "Malam, mun bi shawararka mun riƙe su gida. Yanzu mi za mu yi? Akwai biyu kwance a maƙwabta."

Na keɓe yarinyar, na yi mata abin da zan iya, na hau keke sai Dutsin-Ma. Ban san hanyar tana da nisa haka ba sai ranar. Na tarar da abokina suna ɗaure kaya, washegari za su wuce wata ƙasar. Na tsara jawabi a hanya, amma da na gan shi abin da ya fito kawai shi ne, agana ta ɓulla, kuma da hannuna a ciki. Ya dube ni, ya shiga wurin shugabansu. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce, "Za mu koma. Amma kai za ka fara miƙa damtse a gaban kowa."

Haka aka yi. Washegari na naɗe hannun riga a gaban mutanen da na tsorata, abokina ya taka na'urar da kansa. Kafin azahar layi ya kai bakin rijiya. A motar aka mayar da ni, kekena a kan rufi, ni a baya tsakanin akwatuna. Ko a wannan ranar, Allah ya yafe mini, sai da na riƙa satar kallon kujerar gaba.

Sai bayan shekaru, lokacin da ɗakunan maganin suka riga suka fita daga hannun En'e, wani tsohon akawu ya gaya mini cewa sunana aka fara zaɓa. Manyanmu na En'e ne suka ƙi sakina, wai ba su da wanda zai riƙe ɗakin in na tafi. Wato waɗanda na yi ta kare wa hurumi har muryata ta dushe, su ne suka hana ni kujerar. Na kai wa abokina labarin, muka yi dariya har da hawaye, ko da yake tawa dariyar ba ta kai ciki ba.

Har yau ana wannan gardama, tarayya ce ko jiha ke da ikon asibiti, kuma akwai masu gaskiya a kowane ɓangare. Ni dai in na ji zuciyata ta ɗau zafi a kan wata aƙida, nakan tsaya in bincika ko akwai wanda ya samu abin da na so. Sau da yawa akwai.

Yarinyar ta rayu, da zanzana a fuska, ido ɗaya ya tafi. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya. Duk kaka sai ta aiko mini da ƙwaryar gyaɗa, kuma in ta gan ni sai ta durƙusa ta ce wa 'ya'yanta, ga Baban da ya hau keke ya kawo mana mota. Mahaifinta ya rasu bai gyara mata labarin ba. Ni ma na karɓi gyaɗar nan shekara da shekaru, kuma ban taɓa iya buɗe baki na gyara mata ba.